Yadda za ka gwada sabon irin wake a gonarka kafin ka saki na gado

A Kano masu binciken noma suna kusa da mu. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa tun 2012, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, na da tasha a cikin gari, ga kuma cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda irin wakenta ke fita da sunan SAMPEA. Sai dai irin da ya yi kyau a gonar gwaji, inda ake ba shi taki da feshi a kan lokaci, ba lallai ya yi haka a jigawarka ba. Don haka gwada shi da hannunka.

Fara da samo irin daga malamin gona ko dillalin da aka sani. Tambayi sunansa, da kwana nawa yake yi ya nuna, da ko yana jure wuta-wuta. Ka rubuta. Irin da ba shi da suna, ƙyale shi.

Sai ka ware fili biyu manne da juna, taku goma tsawo, taku goma faɗi kowanne. A nan mutane ke ɓata gwajin: sai su ba baƙon iri gefen da ake zuba takin gida, na gado kuma a tura shi kan tudu. Ƙasar ta zama iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noma da feshi ma haka.

Duk mako ka zaga. Wanne ya riga fure? A gindin wanne wuta-wuta ta fi fitowa? Ɓare kwanso biyu-uku ka duba ko tsutsa ta shiga.

Ranar roro kada a haɗa su. A sussuke kowanne daban, a auna da kwano ɗaya.

Harawa ita ce na fi so ka kula da ita, domin mai awaki a gida ba ƙwaya kaɗai yake nomawa ba. Wani irin yana nuna da wuri ya cika buhu, amma ganyensa ya kakkaɓe, ka tashi da tsirarun sanduna. In rani ya yi tsanani, kuɗin da ka samu a wake sai ya ƙare a sayen dusa. Ɗaure harawar kowane fili, ƙirga dami, ka zuba wa dabbobin ka ga wadda suke cinyewa tas da wadda suke tattakewa.

A ba uwargida ta dafa, ta faɗa maka wanda ya fi saurin nuna a tukunya. Ɗebi kaɗan ka nuna wa 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau, ka ji farashin da za su taya.

Damina ɗaya ba ta isa hukunci ba, tunda ruwan bana daban da na baɗi. Maimaita gwajin, sannan ka kai wa malamin gona littafinka ya isar wa waɗanda suka fitar da irin.