Kurakuran da ake yi wajen haɗa kan unguwa don kare yara daga ƙiba a Legas

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa sama da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma duk wanda ya lura da abin da ɗalibai ke riƙe da shi a hannu idan an tashi makaranta a Agege ko Idi-Araba ya san cewa matsalar ta iso unguwanninmu. Yaron da ya girma da ƙiba fiye da kima yakan tafi da ita har girma, ta kuma buɗe masa ƙofar ciwon suga da hawan jini tun yana da ƙuruciya. Idan mutanen unguwa suka yunƙura domin yin wani abu a kai, niyyar takan yi kyau, amma akwai kurakuran da ke kashe aikin tun bai yi nisa ba.

Mafi girmansu shi ne a tara iyaye mata kawai a yi musu lacca, a watse ana ganin an gama. A Legas ba uwa kaɗai ke ciyar da yaro ba. Maigida yakan fita tun da asuba don gudun cunkoson motoci ko don ya riski kasuwa, uwa ma sau da yawa tana da sana'arta, sai a damƙa wa yaro kuɗin tara ya sayi fanke da biskit da lemo a ƙofar makaranta, da dare kuma a aike shi wurin mai shayi a soya masa Indomie. Saboda haka mai talla da mai kantin lungu da mai shayi suna da hannu a cikin abincin yaron kamar yadda mahaifiyarsa take da shi, kuma taron da ba a gayyace su ba bai cika ba.

Wasu kuma da suka gane haka sai su kori masu tallar daga bakin makaranta, alhali korar ba ta hana ciniki, domin kwanar gaba kawai suke komawa yaran su bi su can, ga shi an ɓata da mutanen da abincinsu ke nan. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna da su a yi yarjejeniya: su riƙa kawo dafaffen ƙwai da gyaɗa da alala da ayaba da dafaffiyar masara, makaranta kuma ta ba su wurin zama a ciki, iyaye su umarci 'ya'yansu da saye a wurinsu. Muna da wata dama da ba kowace al'umma ke da ita ba, domin 'yan'uwanmu Hausawa ne ke riƙe da kaso mai yawa na cinikin kayan gwari a kasuwar Mile 12, kuma idan aka bi ta hannun shugabannin kasuwar, mata 'yan unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sari kayan miya da ganye a raba, ya zo musu da sauƙi. Tunda kuwa kuɗin cefane a hannun magidanta yake, dole maganar ta kai gare su ta bakin liman da Sarkin Hausawan unguwa.

Kuskure na biyu shi ne yanke hukunci da ido. Mun saba yabon jariri mai kumatu, muna ɗaukar teɓa alamar hutu, don haka wasu iyayen ba sa ganin matsala sam. Wasu kuma da an tsoratar da su sai su fara rage wa yaro abinci, wanda hatsari ne ga jikin da ke kan girma. Kada a manta binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a gida ɗaya ana iya samun mai ƙiba da mai tamowa. Gyaran shi ne awo. A nemi ma'aikaciyar lafiya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ta hannun kwamitin raya mazaɓa, ta auna nauyi da tsayi ta gwada da shekarun yaro, ita ce za ta faɗi wanda ke buƙatar ganin likita. A yi awon a keɓe, a faɗa wa iyaye sakamako su kaɗai. Auna yaro a gaban 'yan ajinsu zalunci ne, domin laƙabin da za su sa masa a ranar zai iya hana shi fita filin wasa har ya gama makarantar, kuma wannan ne ya sa ya kamata shirin ya shafi dukkan yaran unguwa ba tare da an ware masu jiki ba.

Akwai kuma masu tsayawa a kan tuwo da shinkafa su mance da abin sha. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in son samu ne ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokali 6 na shayi ga babban mutum. Robar lemo mai rabin lita kuwa takan ɗauki sukari wajen giram 50, fiye da cokali 10. Zoɓo da kunun aya da ake ƙullawa a gida ma ba su tsira ba idan aka zabga musu sukari, duk da cewa su gyaransu a hannunmu yake. Harajin naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemuka masu sukari bai kai ya hana yaro saye ba, a ganina. Abin da zai fi tasiri shi ne tsaftataccen ruwan sha kyauta a makarantun boko da Islamiyya, da kuma amincewar masu walimar sauka da suna su rage katan-katan ɗin lemon da ake raba wa yara.

Batun motsa jiki ma ana yi masa gurguwar fahimta, sai a ce yaran yanzu malalata ne. Ƙa'idar ita ce ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na wasa mai sa gumi kullum, amma a duba yinin yaronmu: boko har azahar ta wuce, ƙarin darasi, Islamiyya har kusan magariba, sannan ya koma gidan haya mai ɗaki ɗaya wanda babu tsakar gida, titi kuma cike da babura da Keke Napep. In bai ɗauki waya ba me zai yi? Malaman Islamiyya na iya ware rabin sa'a kafin a zauna karatu, shugabannin makarantu kuma su buɗe harabarsu ranar Asabar ƙarƙashin kulawar manya biyu ko uku. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba, langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya da ƙwallo sun isa. A tabbatar 'yan mata sun samu nasu lokacin da wurin da iyayensu za su natsu da shi, domin su ne ake fara hanawa fita da zarar sun tasa.

Na ƙarshe shi ne mayar da aikin bikin yini ɗaya, a buga riguna, a ɗauki hotuna, wani lokacin ma kamfanin lemo ko na alawa ne ya ɗauki nauyin taron yana raba kayansa. Irin wannan tallafi a ƙi shi cikin ladabi. Kwamiti ya raba aiki da suna: wanda zai riƙa zagaya masu talla, wanda zai tabbatar akwai ruwa a makaranta, wadda za ta riƙe littafin awo. A kuma sa ranar zama a farkon kowane zangon karatu, ma'aikaciyar lafiya ta sake auna yaran, a gwada da abin da aka rubuta a zangon baya.