Ɗan ƙulli a huhu: kurakuran da aka fi yi wajen bibiyarsa da hoton CT

Mutum zai je a ɗauki hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, saboda ciwon ciki ko bayan haɗarin mota, sai takardar sakamako ta fito da abin da bai zata ba: an ga ɗan ƙulli mai milimita 5 a huhun dama. Wannan ya yawaita tun da na'urorin hoto suka ƙara kaifin gani. Duk ɗigon da bai wuce santimita 3 ba shi likitoci ke kira ƙulli, kuma akasarinsu tabon tsohuwar cuta ne, irin su tarin tibi da ya warke, ko 'yar kaluluwa a cikin huhu.

Kuskuren farko shi ne a yanke hukunci tun ranar cewa sankara ce. Ƙullin da bai kai milimita 6 ba, wato bai kai kaurin fensir ba, yiwuwar ya zama sankara ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa ƙa'idar da Fleischner, wata ƙungiyar ƙwararrun likitocin huhu da hoton ƙirji ta duniya, ta sabunta a 2017 ta ce irin wannan ba ya bukatar sake hoto ga wanda ba shi da wani haɗari; mai haɗari, kamar mai shan taba, shi ake iya sake dubawa bayan shekara. Daga milimita 6 zuwa 8 ana sake CT tsakanin wata 6 da 12. Sai ya haura 8 ake maganar sake hoto a wata 3, ko hoton PET, ko ɗibar ɗan nama.

Tsoron ne ke sa wasu su matsa wa likita lallai a yi PET yanzu-yanzu, tunda an ce ya fi CT. Na'urar PET tana nuna wurin da ke zuƙar sukari da yawa ne. Ƙullin da bai kai milimita 8 ba ya yi mata ƙanƙanta, tana iya cewa lafiya alhali ba ta gan shi sosai ba. Tarin tibi kuma yakan haska a PET tamkar sankara. Haka ɗibar nama da allura: tana iya sa iska ta taru a ƙirji huhu ya lotsa, don haka ba a yin ta a kan ƙaramin abu sai da dalili.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne akasin wannan. An ce a dawo bayan wata shida, mutum ya ga ba tari, ba ciwo, sai ya share zancen. Ƙaramin ƙulli ba ya ciwo, ko da mai haɗari ne. Hoto ɗaya girmansa na ranar kawai yake nunawa. Abin da likita ke nema shi ne ko yana girma, kuma ba a sanin haka sai an jera hoton yau da na baya. Kafin ka bar asibiti ka tambayi ranar dawowa, ka rubuta ta a waya, ka kuma gaya wa wani a gida.

Ka riƙe hotunan kansu a faifai ko filashi, domin takardar sakamako ita kaɗai ba ta isa ba. Likitan hoto yana son ya buɗe tsohon a gefen sabon, ya sa ma'auni a wuri guda. Wani lokaci tsohon CT na shekara uku da aka manta a durowa shi ke kashe magana: ƙulli mai tauri da ya shekara biyu bai motsa ba galibi ana ɗaukarsa marar haɗari.

Akwai kuma kuskuren karanta lambobi. Wanda ya ga milimita 6 a bara, 7 a bana, sai hankalinsa ya tashi, alhali bambancin da bai kai milimita 2 ba yana iya zuwa daga yadda aka auna ko yadda ya ja numfashi. Amma kada a raina sauyi na gaske: daga milimita 8 zuwa 10 cikar ƙullin ta kusa ninkawa, domin yana girma ta kowane ɓangare. Don awo ya yi daidai, a yi ƙoƙarin komawa na'ura ɗaya, a ɗauki hoton da siraran yanka waɗanda ba su wuce milimita 1.5 ba. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya maye gurbin CT a nan. Ƙananan ƙulli sukan ɓace masa.

Dokar shekara biyun nan ba ta hau kowane ƙulli ba. Akwai mai kama da hazo a hoto, wanda ake hango jijiyoyin huhu ta cikinsa. Irinsa yana girma a hankali ƙwarai, shi ya sa idan ya kai milimita 6 ake bin sa har shekara 5. Wanda ya daina zuwa a shekara ta biyu ya tsaya a tsakiyar hanya.

Wasu kuma don neman kwanciyar hankali sai su riƙa yin CT duk wata biyu a asibitoci daban-daban. Kowane hoto yana ɗauke da tururin radiyeshan, kuma tazara kaɗan ba ta isa a ga girma ba. Ka tambaya ko za a yi maka CT mai ƙarancin radiyeshan, wanda ya wadatar wajen wannan bibiya.

Kada ka ɓoye wa likita tarihinka. Shekarun da ka yi kana shan taba, ko wani a dangi ya yi sankarar huhu, duk suna sauya jadawalin. Ƙa'idar Fleischner ma ba ta shafi wanda bai kai shekara 35 ba, ko mai tarihin sankara, ko mai raunin garkuwar jiki. Waɗannan tsarinsu daban ne. Idan kuma tari da jini, ramewa ko sarƙewar numfashi suka bayyana kafin ranar da aka ba ka, ka koma asibiti a makon, kada ka jira ranar.