Yadda Mai Sana'ar Hannu Zai Samu Takardar Shaidar Ƙwarewa

Da yawa daga cikin magina, kafintoci da masu walda sun ƙware a hannun maigida, amma ba su da takardar da za su nuna idan aka zo ɗaukar ma'aikata. Tsarin NSQ na ba da shaidar ƙwarewa a sana'a, wanda Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Najeriya (NBTE) mai hedkwata a Kaduna ke kula da shi, ya tanadi hanyar tantance irin wannan gwaninta ba tare da an koma aji ba.

Da farko, mutum ya nemi cibiyar da hukumar ta amince da ita, ya yi rajista a sana'arsa. Sai ya tattara hujjoji: hotunan ayyukan da ya kammala, rasitai, da wasiƙar maigidan da ya yaye shi. A ganina wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi, domin magini kan gina gidaje masu yawa bai ɗauki hoton ko ɗaya ba. Daga nan mai tantancewa zai zo ya ga aikin da idonsa, ya duba yadda yake riƙe cebur da igiyar awo, da yadda yake kiyaye lafiyarsa.

Kafin biyan kuɗi, a tabbatar da sunan cibiyar a wurin hukumar.