Yadda ake gyara jinkirin shan mai da toshewar mafitar iska a tankin jirgin ruwa na kan tirela

Masu ƙananan jiragen ruwa masu inji a Abuja, waɗanda ake ɗorawa a kan tirela a ja su da mota zuwa Tafkin Jabi, ko a yi doguwar tafiya da su zuwa Lakwaja inda kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, sukan gamu da wata matsala tun a gidan mai. Da an fara zuba fetur sai famfon ya katse bayan 'yan litoci, a sake matsawa ya sake katsewa, wani lokaci kuma man ya tofo baya ya jiƙa gefen jirgin, alhali ma'auni yana nuna cewa tankin bai kai rabi ba. Galibi laifin ba na famfo ba ne, kuma ba na mai sayar da mai ba ne. Iskar da ke cikin tankin ce ta rasa hanyar fita.

Tankin da aka gina a ƙarƙashin daɓen jirgi yana da tiyo biyu da suka shafi zuba mai. Akwai babban tiyo da man ke bi ya sauka, wanda faɗin cikinsa yawanci inci ɗaya da rabi ne, wato milimita 38, akwai kuma ƙaramin tiyon iska mai faɗin milimita 16, wanda ke tashi daga saman tankin ya ƙare a wata 'yar mafita a jikin jirgin ta waje. Duk litar man da ta shiga sai litar iska ta fita, kuma famfon gidan mai yana iya tura lita 30 zuwa 40 a minti ɗaya. Duk wanda ya taɓa fasa gwangwanin madara ya san abin da ya sa ake yi masa huda biyu. Idan ƙaramar hanyar ta toshe, iska za ta juyo ta babban tiyo, ta turo mai sama har ya taɓa bakin famfo. A kusa da ƙarshen bakin famfon akwai wani ɗan rami da ke zuƙar iska, kuma da zarar mai ya rufe shi sai famfon ya katse da kansa, domin an ƙera shi ne ya ɗauki hakan a matsayin alamar cewa tanki ya cika.

Toshewar tana bayyana a kan ruwa ma. Inji yana shan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai injin ya fara shaƙewa bayan ya yi ɗan aiki, robar matsa mai da ke kan tiyon inji ta lotse, kuma idan aka buɗe murfin tanki a ji iska ta faɗa ciki da ƙara. Idan buɗe murfin ya sa injin ya dawo daidai, to kusan babu shakka mafitar iska ce ta toshe.

Kafin ka taɓa komai, ka fitar da jirgin fili inda iska ke kaɗawa, nesa da janareta da murhu da masu shan taba. Ka cire kan batir, ka ajiye na'urar kashe gobara mai hoda kusa da hannunka, kada kuma ka yi amfani da injin huda ko injin zuƙe ƙura na lantarki a kusa da tanki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan jirgi, kuma idan ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wuta. Ya fi kyau a yi aikin lokacin da man da ke tankin bai kai rabi ba.

Mataki na farko shi ne duba zaman jirgin a kan tirela. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina duk wanda ya fara kwance tiyo kafin ya duba shi yana iya ɓata yini guda a banza. An tsara tankin ne bisa yadda jirgi ke zama a kan ruwa, inda gabansa kan ɗan ɗaga sama, shi ya sa a jirage da yawa bakin tiyon iska yake ta gaban tankin. Idan mahaɗin motar da ke jan tirela ya yi ƙasa, ko bayan motar ya sauka saboda kaya, sai gaban jirgin ya duƙa, man ya gangara can ya rufe bakin tiyon iska tun tankin bai cika ba. Ƙasar Abuja kuma tudu da gangare ce, ba kowane filin gidan mai ne yake a shimfiɗe ba. Ka buɗe ƙofar duba tanki da ke daɓen jirgi ka gano ɓangaren da tiyon iska ya fito, sannan ka ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar iska a kan daɓen yayin da tirelar ke haɗe da mota. Abin da ake so shi ne ɓangaren tiyon iskar ya zama a daidai ko ya ɗan fi tsayi. A gidan mai kana iya shigowa ta inda gangaren zai ɗaga wannan ɓangaren, ko ka sa wa tayoyin tirela waigi ka ɗaga gabanta da jak ɗinta. Gyara na dindindin shi ne a canza tsayin mahaɗin motar yadda tirela za ta riƙa tafiya a miƙe, wanda hakan yana kuma taimaka wa tayoyi da birki.

Idan ka je gwadawa a gidan mai kana bukatar haɗin kan mai sayar da mai. Ka ce masa: “Malam, don Allah ka sa mini a hankali, rabin gudu, idan ya katse ka dakata.” Wasu jiragen suna da mafitar iska a cikin wuyan zuba mai, daf da inda bakin famfo ke tsayawa, kuma a irinsu juya bakin famfon gefe ko ɗan janyo shi baya yakan isa ya hana katsewar. Sai dai a tabbatar ƙarfen bakin famfon yana taɓa ƙarfen wuyan tankin har a gama, saboda tartsatsin da gogayyar mai ke haifarwa.

Mataki na biyu shi ne mafitar da ke jikin jirgi ta waje. A cikinta akwai 'yar raga ta ƙarfe da aka sa domin ta hana harshen wuta bin tiyo zuwa tanki, ta kuma tare ƙwari. Jirgin da ke shafe watanni a ajiye a cikin gida yana da abokan gaba biyu a nan. Na farko zanzaro ne, wanda ke neman ƙaramin rami mai inuwa ya gina ɗakinsa da laka, kuma wannan mafitar ta yi masa daidai. Na biyu ƙurar hunturu ce, wadda ke manne wa ragar da ta jiƙe da maiƙon fetur har ta zama ɓawo. Ka haska da tocila, ka ƙanƙare lakar da tsinke, ka goge ragar da tsohon buroshin haƙori, kana janyo dattin waje maimakon tura shi ciki. Idan ragar ta ci tsatsa ko ta yage, a canza mafitar gaba ɗaya. Akwai masu fasa ragar da ƙusa domin mai ya shiga da sauri, kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin sun cire kariyar wuta ne suka kuma buɗe wa zanzaro ƙofa har cikin tiyo.

Mataki na uku, wanda a nan ne aka fi samun ainihin ciwon, shi ne bin tiyon iska daga tanki har zuwa mafita, da ido da kuma hannu. Dole ne tiyon ya riƙa hawa sama tun daga tanki ba tare da ya sauka ko'ina ba, ya ɗan zarce tsayin mafitar, sannan ya lanƙwaso ya shiga cikinta, domin wannan lanƙwasa ta sama ce ke hana ruwan sama da feshin igiyar ruwa shiga tanki. Idan maɗaurinsa ya tsinke, tiyon yakan yi ciki a tsakiya, kuma girgizar hanya, musamman idan an ja jirgi da cikakken tanki, tana watsa mai ya taru a wannan kwarin. Ɗan man da ya kwanta a nan ya isa ya datse tiyo mai faɗin milimita 16, kuma tun da babu laka ko tsumma a ciki, mai dubawa zai iya rantsuwa cewa hanya a buɗe take. Ka kuma nemi inda tiyon ya karye a kwana mai tsanani, ko inda akwatin batir, anka ko wani kaya ya danne shi.

Don ka tabbatar, ka kwance kilif ɗin da ke riƙe tiyon a jikin tanki, ka zare tiyon, ka rufe bakin da ya rage a tankin da tsumma mai tsabta, sannan ka hura iska cikin tiyon da famfon keke zuwa waje, wani yana tsaye a mafitar da ƙyalle. Kada ka hura da baki. Idan iska ta wuce sumul, tiyon lafiya yake. Idan ka ji ƙarar ɓulɓul ko mai ya fito, akwai kwari, sai ka tsiyaye man, ka ɗaga tiyon ka ɗaure shi a wurare da dama, ka yanke tsawon da ya yi yawa idan akwai. Babban kuskure shi ne a kai jirgi wurin mai faci a tura iskar kwamfuresa ta mafitar waje alhali tiyon yana haɗe da tanki. Hakan yana tura lakar zanzaro cikin mai, kuma tankin jirgi ba a yi shi don ɗaukar matsin iska mai yawa ba, waldarsa tana iya buɗewa.

Idan tiyon ya bushe, ya tsattsage ko ya yi laushi kamar ya jiƙa, a canza shi. Tiyon man jirgi yana da rubutu a jikinsa, za ka ga A1 ko A2 ga mai jure wuta, tare da lambar ƙa'idar inganci ta duniya, ISO 7840, ko alamar USCG, wato hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka, da shekarar da aka ƙera shi. A Ƙauyen Makanikai na Apo za a samu kilif da kayan aiki, amma tiyon jirgi na ainihi sau da yawa sai an aika Legas ko Fatakwal. Jiran ya fi a sa farin tiyon ruwa na kasuwa, wanda fetur ke busar da shi ya fashe.

Mataki na huɗu babban tiyon zuba mai ne. Shi ma ya kamata ya gangara kai tsaye ba tare da kwari ba. A tsofaffin jirage fatar cikinsa takan saɓule ta rataya ta tare hanya, alhali daga waje yana nan kamar sabo, kuma an fi ganin haka a jiragen tokumbo da suka daɗe suna shan fetur ɗin Amurka, wanda akasarinsa yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol. Ka zare shi ka haska ciki. Wajen mayarwa a sa kilif biyu marasa tsatsa a kowane ƙarshe, kuma a mayar da koriyar wayar da ke haɗa ƙarfen wuya da tanki.

Mataki na biyar ya shafi jiragen da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga shekarar 2011 zuwa 2012 da bayansu, lokacin da dokokin hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, kan tururin fetur na jiragen ruwa suka fara aiki. Da yawa daga cikinsu suna da gwangwanin gawayi a kan tiyon iska wanda ke kama tururi, da bawul a saman tanki mai rufe hanyar iska idan mai ya kai iyakarsa, da wani bawul a ƙasan babban tiyo mai hana mai tofowa. A irin wannan tsarin katsewar famfo ta farko ita ce ainihin cikar tanki, an bar sauran sararin ne da gangan. Al'adarmu ta cewa a ƙara kaɗan a cike kuɗin ita ke tura ruwan fetur cikin gwangwanin, gawayin ya jiƙe, iska ta kasa ratsa shi. Gwangwanin da ya jiƙe yakan yi nauyi, kuma canza shi ya fi tabbas. Idan za ka gwada tiyon da famfon keke, ka fara cire gwangwanin daga layin. Bawul ɗin da ya maƙale kuma aikin makaniken jirgi ne, kada a cire shi a jefar.

Ko tsohon jirgi ne, kada a cika tanki fam. Fetur yana ƙaruwa da kusan lita ɗaya a kowace lita 1,000 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Man da ya fito da sanyinsa daga tankin ƙarƙashin ƙasa, ya shiga jirgin da zai yini a ranar watan Maris ta Abuja, zai kumbura, kuma idan zafinsa ya ƙaru da digiri 15, lita 200 za ta ƙaru da kusan lita uku, waɗanda ba su da inda za su sai tiyon iska. Barin kashi 10 cikin ɗari na tankin babu mai yana hana wannan. Ƙaramin tanki na ɗauka kuwa, a sauke shi ƙasa kafin a zuba masa mai, kuma idan murfinsa yana da ɗan sukurun iska, a kwance shi lokacin da inji ke aiki, a ɗaure shi lokacin tafiya a hanya.

Bayan ka mayar da komai, ka koma gidan mai ka gwada da rabin gudu, sannan da cikakken gudu, kana sa hannu kusa da mafitar domin ka ji iska tana fitowa. Ka buɗe ƙofar duba tanki ka shafa kowane kilif da busasshen ƙyalle, ka sansana ƙasan jirgi, kuma idan injin na ciki ne, ka kunna fankar fitar da tururi na aƙalla minti huɗu kafin ka tayar da shi. Idan warin fetur ya ci gaba bayan duk wannan, ko kuma ka san an taɓa tura wa tankin iskar kwamfuresa, ka kai jirgin wurin makaniken da ke da ma'aunin gwada yoyo. Zai tsiyaye man, ya toshe duk bakunan tankin, ya sa ɗan matsin iska kaɗan, 3 psi kawai a irin awon da ake yi wa iskar taya, ya shafa ruwan sabulu a kan walda da mahaɗai, sannan ya jira ya ga ko allurar ma'aunin za ta sauka.