Kurakuran da ake yi wajen kwaikwayon girkin jihohin kudancin ƙasar Amurka daga talabijin

Daga 2013 zuwa 2018 tashar PBS ta Amurka ta riƙa nuna shirin A Chef's Life. A cikinsa Vivian Howard, mai gidan abinci a garin Kinston na jihar North Carolina, takan ɗauki amfanin gona guda ɗaya, ta je wurin manomi ko wata dattijuwa ta ga yadda suke sarrafa shi. Wadda ta kalla takan shiga kicin da ɗoki, amma sau da yawa abin da ta sauke ba ya kama da abin da ta gani.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne bin lokacinsu maimakon namu. Tumatirin North Carolina yana nuna ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da kwando ke tsada a Kano, ga shi duk ruwa. Namu yana yin kyau ne daga lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da na noman rani daga Kadawa ke cika kasuwa. Abin da shirin ke koyarwa kuwa shi ne a dafa abin da gona ta bayar a lokacinsa. Don haka 'yar'uwa, ki ajiye girkin ɗanyen tumatir sai lokacinsa ya zo, da damina ki koma kan sabuwar masara da ɗanyar kuɓewa.

Sai batun naman alade. Girkinsu na gargajiya ya dogara da shi sosai, musamman wajen dafa wake da ganyen collard, wani ganye mai kauri ɗan'uwan kabeji. Mu ba ma cin sa, sai wasu su cire shi kawai su bar tukunya salam. Abin da yake bayarwa a girkin abu uku ne: ƙamshin hayaƙi, gishiri da maiƙo. Naman talotalo da aka yi wa banda, ko kifi banda da ɗan man shanu, za su cike gurbin. Kada kuma a tsiyaye romon ganyen a zubar, su da kansu da burodin masara suke dangwalarsa. In alayyafo kika samu a madadin collard, mintuna kaɗan sun ishe shi, ba ya jure doguwar dahuwa.

Abin da suke kira grits tsakin masara ne, garin tuwo ba zai yi ba. Kofi huɗu na ruwa ga kofi ɗaya na tsaki, a sa gishiri tun farko, a rage wuta, a riƙa juyawa har wajen minti 45.

A burodin masara nan ne muka fi su sa'a. Madarar da suke amfani da ita, mai tsami wadda aka cire wa mai, ita ce kusan nonon da 'yan Fulani ke tallawa. Masu sa madarar gari zalla suna ɓata aikin, domin bakin soda ba ya tayar da ƙullu sai ya haɗu da tsami. Kaskon ƙarfe kuma sai ya yi zafi da mai a ciki kafin a zuba ƙullun, in ba haka ba gindin ba zai yi ƙamas-ƙamas ba.

Kuɓewa da wake daga Afirka suka isa can ta hanyar cinikin bayi, shi ya sa ake jin su kamar na gida. Sai dai mu yauƙi muke nema, su kuwa in za su soya kuɓewa gudunsa suke yi. Ki zaɓi ƙanana masu taushi, ki wanke ki bari su bushe sarai kafin ki yanka, ki birkita su cikin garin masara, sannan ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a mai mai zafi don kada ya huce.