Yadda ake lissafin nisan tafiyar jirgin sama da awannin da za ta ci

Da farko ka ajiye sunan gari, ka nemi haruffa uku na filin jirgin. Landan kaɗai tana da Heathrow, wato LHR, da Gatwick, LGW, da wasu kuma. Sa haruffan filayen biyu a shafin auna nisa na intanet, kyauta ne, kada ka biya kowa. Daga LHR zuwa JFK na New York za ka ga kusan kilomita 5,550. Ka tabbata kilomita aka ba ka, domin matuƙan jirgi da mil na teku suke aiki, kuma kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Kada ka ɗora rula a kan taswira: duniya a mulmule take, shi ya sa gajeriyar hanyar takan lanƙwasa ta bi ta gabashin Kanada.

Sai ka raba nisan da 850, gudun babban jirgi ke nan a awa guda. Wasu 900 suke sawa, ni ban yarda da shi ba, yana sa mutum ya yi tsammanin isa da wuri. Za ka samu awa shida da rabi. Ƙara minti 40 na gangarawa a ƙasa da tashi da sauka, ya zama awa bakwai da 'yan mintoci. In yamma ka nufa, ƙara kusan awa guda, saboda akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Zuwa New York wajen awa 8 ne, dawowa wajen 7.

To, ga inda mutane suke faɗuwa, kuma abin yana damuna don na ga an bar tsoho zaune a filin jirgi babu mai tarbarsa. Kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin da za a tashi ko a sauka ne. Tikiti ya ce tashi Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana, sai mutum ya ce awa uku. Ina! Landan tana gaban New York da awa 5, saboda haka awa 8 ne. A dawowa, tashi 7 na yamma, sauka 7 na safe, ka ɗauka awa 12, alhali 7 ne. Mayar da lokutan biyu agogon GMT kafin ka ɗebe, a rubuce, ba da ka ba. Ka kuma duba watan tafiyar: ƙasashen biyu suna tura agogonsu gaba da awa guda a Maris, amma Amurka tana riga Ingila, sai tazarar ta koma awa 4 na ɗan lokaci. Ranar ma ka duba. Daga Los Angeles zuwa Sydney awa 15 ne, amma wanda ya tashi daren Litinin sai safiyar Laraba zai sauka, don ya ƙetare layin da kwanan wata ke sauyawa.

In akwai yada zango, lissafa kowane zango daban ka haɗa da awannin jira. Tikitin yakan fi araha, amma yana iya cinye maka yini. Tun 2022 kuma jiragen Turai da dama ba sa bi ta samaniyar Rasha, zagayawa suke yi, don haka daga Landan zuwa Tokyo lissafinka zai gaza, sai ka bi abin da kamfanin ya rubuta.