Yadda Za Ka Share Fankar Laftof Ɗin Gem Don Rage Zafi

Idan laftof ɗinka na ƙugi, gem yana sarƙewa ana tsakiyar wasa, yawanci ƙura ce ta toshe hanyar iska. Da zarar zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, ya doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, da kanta take rage gudu.

Da farko kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ka zare caja. Kwance sukurorin murfin ƙasa, ka jera su yadda ka ciro su, don tsawonsu kan bambanta. Kafin ka taɓa komai a ciki, cire wayar batir daga babban allon da kayan ciki ke haɗe a kansa (motherboard).

Sai fanka. Danne ta da yatsa kafin ka hura iska, domin juyawa da ƙarfi na iya lalata ta. Bi fukafukanta da burushi mai laushi, sannan ka leƙa siraran ƙarafan da ke bakin mafitar iska. Nan ƙura ke dunƙulewa kamar auduga, kuma nan ne mutane suka fi mantawa.

Mayar da wayar batir, rufe, ka kunna. Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, ka duba zafin yayin wasa. Daga yanzu, kada ka ɗora laftof ɗin kan katifa. Teburi, tare da ɗan ɗaga bayanta, ya fi.